Injin Gwaggo Hajjo da Muryar Shu'aibu

Har yanzu in na ji an ɗaga murya a bayan gidanmu, ko da masu cinikin awaki ne, sai gabana ya faɗi. Gwaggo Hajjo ta ce in rubuta abin in huta. Ita ba ta san boko ba, amma ta ce in na gama in karanta mata, ta ji ko na yi mata ƙarya.

Yayar mahaifina ce. An haife ta a Falanko, gidan manoman gero, ta yi aure a Belbeji da Jibo mai gyaran rediyo. A wancan zamani mutanen daji da ƴaƴansu suka tafi neman kuɗi arewa ba su aika wasiƙa, kaset suke yi. Mutum ya zo rumfar Jibo ya zauna gaban rakoda, ya yi gaisuwa, ya faɗi wadda ta haihu da wanda ya rasu, a ba direba kaset ɗin ya tafi da shi. Mata ba su sakin jiki su yi magana gaban namiji, sai Jibo ya riƙa aika rakodar cikin gida wurin matarsa. Ta nan Gwaggo ta shiga sana'ar.

Da Jibo ya rasu, tana fita takaba ta ɗauki teburinsa ta kai kasuwa. Ƴan uwansa suka ce ba a saba ganin mace a wannan layi ba. Ta ce to yau sai a fara sabawa.

Kaset ya mutu, ita ba ta tashi ba. Ɗanta Nasiru, da ke aiki a Agadas, ya kawo mata wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, baƙa, mai nauyi, wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an haɗa ta da pano na hasken rana take tashi. Aikin ya koma haka: yaran da ke nesa su aiko murya ta WhatsApp zuwa wayar Gwaggo, ita ta zuba a inji, ta juya muryar zuwa irin wadda ƙaramar waya ke iya kunnawa, ta sa a katin memuwar, ɗan katin ajiya na waya. Ranar kasuwa makiyaya su zo daga kwarin Tarka su karɓa, su tafi da shi can inda babu rezo, wato sabis ɗin waya, a saurara a bakin rijiya. Su kuma bar amsa, ta tura.

Tun da ba ta karatu, Nasiru ya yi mata dabara. Kowane gida yana da dosiyensa, wato jakar ajiyarsa, a cikin injin, a kan kowane dosiye kuma ya sa hoton tambarin gidan, wato alamar da suke yi wa raƙumansu da shanunsu da ƙarfe mai zafi. Gwaggo ta san tamburan nan kamar yadda ta san fuskokin masu su. Ba ta taɓa ba wani muryar wani ba.

Ni na gama lisansi, wato digiri, a fannin na'ura mai ƙwaƙwalwa a Damagaram, na dawo wurinta ina jiran aikin da bai zo ba. Nakan raka ta kasuwa in riƙe mata waya. Tana kirana Madam Lisansi in tana son tsokana, Zuhaira in abin na gaske ne.

Injin yana tafiya da tsohon Windows wanda masu shi suka daina yi wa gyara tuntuni. Kati kuwa yana shiga daga hannu ɗari. A cikin wani kati cutar ta shigo, irin birus ɗin nan da ke kwashe duk abin da ke kan kati ya tura shi wani lungu ya rufe, mai kati ya duba ya ga wayam.

Ranar da abin ya faru, wani dattijo makiyayi mai suna Almustafa, wanda bai taɓa zuwa teburinta ba, ya kawo katinsa a ƙara masa saƙon ƙaramin ɗansa. A kan katin akwai muryar babban ɗansa Shu'aibu, wanda rami ya rufta da shi bara a wurin haƙar zinariya. Shu'aibu da kansa ya ɗauki muryar a wayarsa ya ba direba katin, ba ta hannun Gwaggo ta biyo ba, don haka babu ita a ko'ina sai nan. Gwaggo ta sa saƙon, ta miƙa masa. Ya mayar a wayarsa, ya danna, ya sake dannawa. Ya ba wani ɗan uwansa, shi ma ya danna.

"Ina yarona?" in ji dattijon. A hankali ya faɗa, da Hausarsa mai nauyin Tamajak.

Abin da ya biyo baya ban iya jera shi daidai. Na san mutane sun taru. Na ji wani yana cewa injin tsohuwar nan cin kati yake yi, nasa ma haka ya yi masa. Wata ta ce sayar da muryoyin mutane take yi. Aka ture teburin, panon ya faɗi, kusurwarsa ta tsage. Ni na faɗi ƙasa, wani ya taka mini hijabi, na yi ta ƙoƙarin tashi wuyana na shaƙewa, ƙafafu ko'ina a kaina. Da na samu na ɗago, sai na ga Gwaggo zaune a kan kujerarta ta tsuguno, ta rungume injin a ƙirji, tana kallon mutanen ɗaya bayan ɗaya.

Manzo, sarkin kasuwa, shi ya raba. Haris, saurayin da ke zuba waƙoƙi da fina-finai a rumfar da ke fuskantar tamu, ya matso da sabon injinsa a hammata.

"Sarki, a kawo in formata katin, in share shi kaf, ko ba komai dattijo ya samu abin amfani. Abin da ya tafi ya tafi."

Gwaggo ta miƙe. "Wanda ya formata katin nan, ni da shi har gaban alƙali."

"Inna, injin nan naki fa ya girme ni."

"Ya girme ka, ya kuma fi ka kunya. Sarki, Allah ya ja zamaninka, ka riƙe katin a hannunka. Kada ka ba ni, kada ka ba shi."

Manzo ya naɗe katin a ƴar takarda ya cusa a cikin hularsa. Ya yanke cewa kasuwa mai zuwa, in muryar ta dawo, shi ke nan. In ba ta dawo ba, Hajjo ta kwashe teburinta daga kasuwar Belbeji, kada ta sake taɓa katin kowa.

A gida na kasa cin abinci. Na ce mata mu koma Falanko wurin dangi har ƙura ta lafa. Na ce ko mu roƙi Haris ya ara mana injinsa.

"Zuhaira, dube ni. Tun kafin a haifi uban yaron can nake ɗaukar muryar mutane. Ba na roƙonsa, ba na zuwa Falanko. Ke da kika yi karatun abin, gaya mini gaskiya. Muryar ta mutu ko tana nan?"

Na ce mai yiwuwa tana nan, ɓoye ta aka yi. Amma muddin cutar na cikin injin, duk katin da aka sa sai ta sake rufe shi. Na ce akwai wani tsari da ake kira Linux, ana cire Windows a sa shi a madadinsa. Irin wannan cuta ba ta iya tashi a cikinsa, kuma abin da ta ɓoye a kati yakan fito fili. Yana da iri-iri, wasu an yi su don tsofaffin injuna.

"Na wane ne?"

"Ba na kowa ba ne, Gwaggo. Mutane da yawa a duniya suka haɗu suka gina shi. Kyauta ne, kowa na iya duba cikinsa, ya kwafa ya ba wani."

"Kamar rijiyar bakin kasuwa ke nan. To wa ke yashe ta?"

"Masu sha."

Ta juya zancen a ranta. "Ina ake samo shi?"

Rezon Belbeji ba zai iya jawo abu mai girma haka ba. Sai Tanut, inda Husaini, abokin karatuna, ke aiki a wani siber, shagon intanet. Na ce ba zan iya shiga tasha ba, ba zan iya shiga taron mutane ba. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta yafa mayafinta ta kama hannuna kamar ƴar yaye, ta ratsa da ni cikin ƴan kamasho har ta zaunar da ni kusa da taga, ta ce wa direban, "Ɗiyata ce, injiniya ce, ka tuƙa a hankali."

Na dawo da iri uku a kan kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa a gefen inji, da wani faifan ajiya da Husaini ya ara mini. Abin da ya fi burge Gwaggo shi ne da na ce ana iya tayar da kowanne daga kan kile a gwada shi, ba tare da an taɓa abin da ke cikin injin ba.

"A ɗanɗana kafin a saya. Masu abin nan sun san kasuwa."

Da hantsi muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, muka jingina panon da ya tsage a jikin rumbu. Na fara da wanda muka yi karatu da shi a jami'a, don shi na fi sani. Ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi, fankar injin ta kama kuka, kibiyar da ke kan gilashi tana jan ƙafa. Ga shi an jera kayan aikin a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, ba inda hannunta ya saba ba.

"Wannan na masu sabon inji ne. Ba shi da laifi, amma ba gidansa ba ne nan. Cire."

Na biyu, Lubuntu, ya tashi da sauri har na yi murmushi, karo na farko tun ranar kasuwa. Injin ya yi shiru, komai na buɗewa nan take. Na ce mun samu.

"Madam Lisansi, kada ki yi guɗa tukuna. Sa mini tambari."

Na buɗe dosiye, na nemi inda ake liƙa masa hoto. Na duba nan, na duba can, ban gano yadda ake yi ba. Wataƙila akwai hanya, ni dai ban same ta ba. Duk dosiyoyin kamarsu ɗaya, sai rubutu a ƙasa.

"To ni da wane ido zan raba gidan Jika da gidan Abdulgani? Yana da gudu, na gani. Jaki ma yana da gudu in ya ga gida. Cire."

Na uku shi ne Linux Mint, samfurin da ake kira MATE. Bai kai na biyu sauri ba, amma fankar ba ta yi kuka ba. Gwaggo ta kai hannu da kanta ta tura kibiyar zuwa kusurwar hagu ta ƙasa, inda ta saba dannawa shekara da shekaru, sai ga jerin kayan aiki ya buɗe. Na ɗauko hoton wani tambari na ɗora a kan dosiye, ya zauna daram.

"Wannan an yi masa tarbiyya," in ji ta. "Ya san inda baƙo ke ajiye takalmi. Shi za a sa."

Sa shi yana nufin share duk abin da ke cikin injin. Na kwashe muryoyi da hotunan tambura zuwa faifan Husaini, na duba, na sake dubawa, na kuma dubawa, har ta ce in na ƙara sai ta karɓe. Da aka zo wurin da inji ke tambaya ko a share, yatsana ya ƙi sauka. Ta ɗora nata a kan nawa ta danna.

Da yamma na je bakin hanya inda rezo ya fi ƙarfi na jawo ƴar manhajar juya murya. Kwanakin da suka rage ta zauna tana mayar da tambura ɗaya-ɗaya, tana kiran sunan kowane gida, da na yaransu, da garin da kowane yaro yake. Muka gwada katunanta na gida da cutar ta taɓa. A yawancinsu sai ga wani dosiye marar suna, a cikinsa kuma duk abin da aka ce ya ɓace. Amma akwai kati guda da bai nuna komai ba, ya lalace gaba ɗaya. Tun da na ga wannan barci ya ƙaurace mini. In na dattijon ma haka yake fa?

Na ce mata ranar kasuwa ta bari ni in zauna gaban injin, ko da wani abu zai rikice.

"A'a. In ke kika danna, za su ce yarinyar jami'a ce ta gyara, tsohuwa dai ta tashi. Ni suka ture wa tebur. Ni zan danna."

"In ba a samu ba fa, Gwaggo?"

"In ba a samu ba, zan kalli idon mutumin nan in gaya masa, da bakina. Sannan in ɗauki teburina da kaina, ba wani ya jefar mini ba. Ke dai nuna mini kuma, daga sa kati."

Na nuna mata har ta daina tambaya. Sa kati, jira taga ta buɗe, nemi dosiye marar suna, danna sau biyu. Yatsunta masu kaushin surfe suna yawan zarcewa, ta ja tsaki ta sake daga farko.

Ranar kasuwa ta zo. Na ɗauki panon a ka don in samu abin riƙewa. Mutane sun riga mu isa, har da waɗanda ba su da kati ba su da waya. Almustafa yana zaune a ƙasa a gaban rumfar, sandarsa a kan cinya, ƴan uwansa tsaye a bayansa. Gwaggo ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ta kafa teburinta a daidai inda ƙafafunsa suka saba zama.

"Inna, an yi wa tsohon wanka ne?" in ji Haris daga rumfarsa.

"An yi masa. Kai ma ka matso, akwai sauran ruwa."

Wasu suka yi dariya. Manzo ya cire hularsa ya warware takardar. Kafin ta karɓa Gwaggo ta ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Ku saurara. Injina ya kamu da cuta, ya ɓoye kayan mutane, ban musa ba. Amma ban ci na kowa ba, ban sayar da na kowa ba. Wanda ya ce na sayar, ga ni ga shi."

Ta yi bisimilla ta sa katin. Tagar ta ɗan jinkirta, ni kuwa na ji kamar an sake taka mini hijabi. Sai ta buɗe. Ga dosiye marar suna. Ta danna, yatsanta ya zarce, wani abu dabam ya buɗe. Na yunƙura, ta ɗaga mini hannu ba tare da ta waiwayo ba. Ta rufe, ta koma, ta danna sau biyu.

Abubuwa suka cika gilashin. Ba ta san wanne ne ba, ni ma ban sani ba. Ta kunna na farko, sai ga kiɗan biki ya fashe a lasifika, kasuwa ta ɗauki dariya. Ta kunna na biyu, wa'azi. Na uku ya fara da ƙarar iska da tarin wani mutum, sannan muryar saurayi ta yi sallama, ta shiga magana da Tamajak.

Ban ji abin da yake cewa ba. Daga baya wata mai sayar da cuku ta gaya mini gaisuwa ce kawai, yana cewa kada a sayar da farar taguwa, ya saya wa mahaifiyarsa takalmi. Abin da na gani shi ne dattijon ya ja rawaninsa sama har ya rufe idanunsa, sandar ta zame daga cinyarsa.

Gwaggo ta kashe sautin.

"Saura nasa ne, ba na kasuwa ba. Ku watse, ku ba mutum wuri."

Suka watse kuwa, har da mai cewa ana sayar da muryoyi. Manzo ya mayar da hularsa ya ce Hajjo ta ci gaba da sana'arta. Ta ce da ma ba ta daina ba. Ta fito da kayan daga dosiyen marar suna, ta kira ni in nuna mata tarkacen cutar ta share, ta mayar da katin a wayar dattijon da hannunta. Ya kara a kunne ya juya mana baya, ya daɗe a haka.

Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Da ya juyo sai ta ce, "Malam Almustafa, abu ɗaya a wuri ɗaya ba shi da tabbas. In ka yarda in ajiye maka kwafi a nan, ba mai jin sa sai kai. Amma ba ni da tambarin gidanka."

Ya dube ta, ya dubi injin. Sai ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya zana alamar da yatsa: layi biyu a tsaye, da ƙugiya a gefe.

"Zuhaira, ɗauka."

Na durƙusa da waya. Hannuna na rawa, hoton ya fito dishi-dishi. Ta duba ta ce in sake. Na sake, bai yi ba. Dattijon ya riƙe gefen rigarsa don kada iska ta share zanen, yana jira. Na dafa gwiwar hannuna a kan ƙafar teburin, na ja numfashi, na ɗauka. Wannan ya fito. Gwaggo ta ɗora shi a kan sabon dosiye da kanta, ta juya injin ta nuna masa, ya gyaɗa kai.

Da la'asar, muna naɗe waya, Haris ya zagayo ta bayan rumfa ya tambaye ni a hankali ko zan ara masa kilen, shi ma katunan mutane sun fara yi masa haka. Gwaggo ta ji.

"Ba shi, ai na kowa ne. Amma ya zagayo ta gaba, ya gaishe ni tukuna."